Hoton Fafaroma da Aikin Bishara: Musayar Baitoci

Katekis Ɗanladi:
Yabo ga Yesu, 'yan'uwa. Tun ranar 8 ga Mayu 2025, da aka zaɓi Fafaroma Leo na 14, gidajen rediyo da talabijin na duniya suke ta zancen Katolika, har waɗanda ba su taɓa taka ƙofar coci ba sun zama masu sharhi kan Fadar Batikan. Ina so mu auna ko wannan kallo yana ƙara wa bishara wani abu. Na ɗauki ƙwar huɗu, wato baiti mai ɗango huɗu, babban amsa-amo kuwa "ra" ne, duk mai amsawa ya riƙe shi.

Da sunan Uba nake farawa,
Da Ɗa mai ceton masu tubawa,
Da Ruhu mai ba mu ganewa,
In yi batun hoto da bishara.

Duniya ta taru can a Roma,
Ido kan bututu, ana ta fama,
Hayaƙi ya yi fari, aka soma
Kiɗa da shewa gaban kyamara.

Kadinal ɗari da talatin da uku
Sun rufe ƙofa, sun bar surutunku,
'Yan jarida kuna ta lissafinku,
Kun mai da zaɓen Ruhu takara.

Kun ce na Afirka, kun ce na Asiya,
Wasu har caca suka sa da dukiya,
Allah ya yi nasa cikin gaskiya,
Ya ɗauko mai wa'azi a karkara.

Ni tambayata, ku ba ni amsa:
Kallon da aka yi daga nesa,
Wa ya kawo har ƙofar Misa?
Ko ko kallo ne da 'yar hira?

Rifkatu 'Yar Shendam:
Har abada, Baba Katekis. Da izininka zan amsa.

Baba Katekis, ina gaisuwa,
Amma batunka da sauran dubawa,
Fitila ba a kunna ta don ɓoyewa,
Sai a ɗora ta, kowa ya lura.

Francis ya durƙusa a gidan yari,
Ya wanke ƙafar ɗaurarru a jeri,
Mata da Musulmi, cikin alheri,
Wa zai sani in babu kyamara?

A Bangi ya shiga har masallaci,
Garin yana cikin yaƙi da ƙunci,
Ya yi kiran sulhu da zumunci,
Rediyo ya kai mana har Zamfara.

Shugabannin Juba sun zo gabansa,
Ya sunkuya duk da tsufansa,
Ya sumbaci takalmansu da bakinsa,
Wannan hoton kansa bishara.

Wankin ƙafar a ranar Alhamis Mai Tsarki ta 2013 aka yi shi, zuwa Bangi, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, a Nuwamba 2015, sumbar ƙafar shugabannin Sudan ta Kudu, Salva Kiir da Riek Machar, kuwa a Afrilu 2019. Maƙwabtanmu Musulmi da yawa ta waɗannan hotuna suka fara tambayarmu abin da muke koyarwa. Ikilisiya ma ba ta taɓa gudun wannan hanya ba, domin tun 1931 Fafaroma Pius na 11 ya sa Marconi, masanin fasahar rediyo, ya kafa rediyon Batikan, Benedict na 16 kuma ya buɗe shafinsa na Twitter a Disamba 2012.

Bulus Mai Garaya:
Ƙanwata Rifkatu mai wayar hannu,
Ki sassauta, ki bi mu sannu-sannu,
Waɗanda suka zuba wa Francis idanu
Ciniki suke, ba neman tsira.

Mujallar Time ta ɗora masa kambi,
Don sun zaci ya soke zunubi,
Da ya yi zancen tuba da jibi,
Duk suka watse, babu mai saurara.

Jimla guda a jirgi suka tsinta,
Suka yanke kai da wutsiyarta,
Suka watsa duniya a karanta,
Mu aka bari da aikin gyara.

Jimlar da nake nufi ita ce wadda Francis ya faɗa wa 'yan jarida a jirgin sama a 2013 kan masu neman jinsi ɗaya: "Wane ne ni da zan hukunta?" Ki tuna kuma da takardar da Batikan ta fitar a Disamba 2023 kan sa albarka ga masu zaman jinsi ɗaya. Takardar da kanta ta ce koyarwar aure ba ta canza ba, amma kanun labarai suka ce Katolika ta sauya sheƙa, har sai da bishop-bishop ɗinmu na Nijeriya suka fitar da sanarwa, a Janairu 2024 kuma Kadinal Ambongo na Kinshasa ya yi magana da yawun bishop-bishop na Afirka cewa ba za a yi hakan a cocinsu ba. A wancan lokaci mu ne muka sha tambaya a kasuwa da wurin aiki, kuma babu tashar da ta dawo ta wanke mu.

Mama Talatu ta Zumunta:
Bulus ɗana, ka gama magana. Allah ya ƙara maka basira, baitinka na uku ya isa a rera shi a taron Zumuntar Mata. Yaran yanzu sun ɗauka duk abin da ya shiga waya ya shiga zuciya.

Istifanus Ɗan Kwaya:
Kun tafi Roma kun manta da gida. Mu ma muna da shugaban da jaridu suke bi.

Bishop Kukah namu na Sakkwato,
In ya yi magana sai a ji motsi,
Saƙonsa na Kirsimeti na 2020 ya girgiza gwamnati,
Allah ya ja kwanan mai gaskiya.

Malam Yohanna:
Istifanus, ban yi jayayya da yabon da ka yi ba, amma wannan ba ƙwar huɗu ba ce. Ɗangogi uku na farko ya kamata su haɗu a ƙaramin amsa-amo, naka kuwa ɗaya ya ƙare da "to", ɗaya da "tsi", ɗaya da "ti". Ɗango na uku ya kai tsawon biyu, na ƙarshe kuma ya bar "ra" ɗin da Baba Katekis ya kafa. Ga yadda ya kamata ya zauna:

Bishop Kukah namu na Sakkwato,
Ya yi magana ba ya neman hoto,
Ya ce a yi adalci, a yi ceto,
Allah ya ƙara masa basira.

Istifanus Ɗan Kwaya:
Malam Yohanna mai jan biro,
Waƙarka ba ta taɓa tada taro,
Ka cire gwamnati domin tsoro,
Ka ce mana wai kana gyara.

A kwaya da kunne muke aunawa, kuma mai rerawa ya san inda zai ja murya da inda zai haɗiye gaɓa. Aruli, wato ma'aunin waƙa na Larabawa, ba doka ba ne a kanmu.

Malam Yohanna:
Ba Larabawa ne suka sa wa Hausa gaɓa mai nauyi da marar nauyi ba, a bakinmu suke tun asali, kuma makaɗan baka ma suna kiyaye su ko da ba su san sunan kari ba. Zargin tsoro kuwa ban karɓe shi ba. In kana son gwamnati a cikin baitin, ka ba ta ɗango nata, kada ka cusa ta tare da Kirsimeti da shekara a numfashi ɗaya. Sa'an nan "gyara" da ka rufe da ita, Bulus ya riga ya yi amfani da ita.

Mama Talatu ta Zumunta:
Malam Yohanna, ka ƙyale yaron nan. Shi ne yake tsayawa gaban jama'a kowace Lahadi, kuma ba mu taɓa jin waƙarsa ta yi tuntuɓe ba. Me ya sa ba ka yi magana ba da Rifkatu ta maimaita "kyamara" da "bishara" bayan Baba Katekis?

Malam Yohanna:
Mama, maimaita kalmar wanda kake amsa wa ado ne a musaya, domin kana mayar masa da kayansa ne. Ɗaukar ta wani na gefe shi ne rashi.

Dattijo Ayuba:
Ku bar gardamar gaɓa haka, akwai abin da ya fi ta nauyi a baitin Istifanus.

Istifanus ɗana, rage kirari,
Sandar Bishop ta kiwo ce tun fari,
In ta zama ta siyasa, da haɗari,
Garke ya watse, a bar wa kura.

Ina girmama Bishop, amma bayan saƙon nan da ya zargi gwamnatin Buhari da fifita 'yan yankinsa wajen naɗe-naɗe, makonni aka yi ana cacar baki a jaridu, kuma Kiristocin da ke zaune a ƙananan unguwanni su ne suka kwana da fargaba. Shugaba ya auna wanda zai ɗauki nauyin maganarsa kafin ya ba 'yan jarida.

Rifkatu 'Yar Shendam:
Ku gafarce ni, aiki ya riƙe ni, na tarar amsoshi sun taru. Zan fara da Yaya Bulus.

Yaya Bulus, kana zagin jarida,
Amma da safe ita kake wa sujada,
Duk abin da ka kawo mana shaida
A wayarka ka gani, ka tattara.

Baba Ayuba, ka tuna da Nnadi,
An sace shi da dare ba gargaɗi,
Da Bishop ya yi shiru kan bagadi,
Wa zai ji kukan da ke bin makara?

Bishop-bishop sun sa baƙin kaya,
Sun taka Abuja a kan hanya,
Carbi a hannu, gaban duniya,
Shirun makiyayi shi ne asara.

Michael Nnadi yana da shekara 18 aka ɗauke shi daga makarantar horar da Fada ta Good Shepherd a Kaduna a Janairu 2020, aka kashe shi, kuma Bishop Kukah ne ya yi wa'azi a jana'izarsa. A Maris na shekarar bishop-bishop suka yi tattaki a Abuja da baƙaƙen kaya. Bayan haka an yi kisan cocin Owo ranar Fentikos ta 2022, an ƙone Fada Isaac Achi a gidansa a Kafin Koro a Janairu 2023. In shugabanni ba su buɗe baki gaban 'yan jarida ba, waɗannan sunaye a ƙauyukansu za su tsaya. Haka kuma da ba a watsa labarin masallacin da Bishop Mamza na Yola ya gina wa Musulmi 'yan gudun hijira a 2021 ba, da mutane da yawa ba su san irin zuciyar Ikilisiya ba.

Bulus Mai Garaya:
Sujada ga Allah kaɗai nake yi, ƙanwata, ki janye wannan ɗango.

Na karanta jarida don in san sharrinta,
Ke kin karanta kin sha ruwanta,
Ni na tace, ke kin haɗiye ta,
Bambancinmu ke nan, ki yi hattara.

Istifanus Ɗan Kwaya:
Rifkatu ta fi kowa a wannan zagaye. Malam Yohanna ya auna ɗangon Bulus na farko mu gani, ko biron nasa ni kaɗai ya sani.

Malam Yohanna:
Na auna, ya ɗara 'yan'uwansa tsawo, amma yana reruwa. Naka ba ya reruwa.

Katekis Ɗanladi:
Kun bar batu kun koma awo,
Ni ko ina ƙauye wajen kiwo,
Na binne mamaci kafin in dawo,
Fada na nesa, ni aka kira.

Rifkatu, tambayi kakanninki,
Fadan da suka fara isa garinki,
Wace jarida ta ga wannan aiki?
Da gumi da zazzaɓi suka fara.

Francis da kike yabo ya san mu,
Ya kafa hidima da sunanmu,
Wace tasha ta ba da labarinmu?
Hoton ƙarya kuwa ya gagara.

A 1907 Fada na ƙungiyar 'yan mishan ta SMA suka sauka Shendam, daga nan bishara ta bazu a Filato, kuma yawancin ƙauyukan da ta shiga katekis ne ya fara kwana a cikinsu kafin Fada ya zo. A Mayu 2021 Fafaroma Francis ya mai da aikin katekis hidima tabbatacciya a Ikilisiya, ban ji wata babbar tasha ta tsaya a kai ba. Amma a Maris 2023, da aka ƙirƙiri hotonsa da kwamfuta sanye da ƙatuwar farar rigar sanyi, duniya duka ta gani. Abin da nake faɗa ke nan, 'yata: su ne suke zaɓen abin da za a kalla, kuma ba ceton rai ne ma'auninsu ba. Kukan Nnadi na yarda a kai shi ko'ina. Koyar da mai neman baftisma kuwa shekara yake ɗauka ko fiye, ana zaune gaba da gaba.

Mama Talatu ta Zumunta:
Baba ya faɗi gaskiya. Ku da kuke yabon na Roma, ku tambayi kwamitin cocinku nawa ake ba katekis a wata, da ko babur ɗinsa yana da taya.

Rifkatu 'Yar Shendam:
Baba, dubi wanda Roma ta ba ku,
Bahaushe ne, ɗan cikin gidanku,
Ilimin sadarwa ya karanta dominku,
To, me ya sa kuke gudun na'ura?

Ka ba ni koyarwa da muryarka,
In naɗa, in tura wa ɗalibanka
Da 'yan bindiga suka raba da yankinka,
Su riƙe addu'a a gudun hijira.

Ina nufin Bishop Gerald Mamman Musa, wanda aka naɗa Bishop na farko na yankin Ikilisiya na Katsina da aka yanke daga na Sakkwato a 2023. Masanin sadarwa ne, kuma a ganina ba a banza aka ba ƙasar Hausa irinsa ba. Ban ce waya ta maye gurbinka ba, Baba, amma yaran da suka gudu birni ba za su dawo ajinka da wuri ba.

Bulus Mai Garaya:
Ki tuna a Satumba 2021 gwamnati ta rufe layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina. A lokacin wa ya kai wa mutane addu'a, saƙon murya ko mai babur?

Katekis Ɗanladi:
Bulus, ka bar ta, ta kawo shawarar aiki.

Na yarda, 'yata, amma da sharaɗi,
Ki zo da kanki ranar Lahadi,
Ki hau bayan babur, ba daɗi,
Ki naɗa gaban tsofaffi da yara.

Kafin nan zan kai maganar wurin Fada, domin koyarwar Ikilisiya ba ta fita da sunan coci sai da izininsa. In ya amince, za mu fara da addu'ar Ubanmu da dokoki goma, kuma ki zo da abin cajin wayarki, domin babu lantarki a ƙauyen.