Katin memori zai riƙe LibreELEC, ko dole sai SSD?

Auta: Assalamu alaikum. Na samu Raspberry Pi 4, wato 'yar ƙaramar kwamfuta, ina so in haɗa shi da talabijin mu riƙa kallon finafinai ta manhajar Kodi. Na sauke LibreELEC, babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar don Kodi, zan ɗora a katin memori, sai wani ya ce mini wahalar banza ce, wai kati ba ya jure wa babbar manhaja, ba da jimawa ba zai mutu. Haka ne?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Gaskiya ya gaya maka, ƙanina. Don kyamara da waya aka yi katin nan, a zuba hoto a kwashe. Kowace ƙwayar ajiya da ke cikinsa tana da iyakar gogewa da sake rubutawa. Nau'in ƙwayar da ake kira SLC kan kai wajen sau 100,000, amma TLC da ake sa wa yawancin katunan yanzu tsakanin 1,000 ne da 3,000. Babbar manhaja kuwa ba ta hutawa da rubutu. Pi 4 yana da USB 3.0, kuma tun 2020 yana iya tashi daga USB. Nemi SSD, faifan ajiya na kwamfuta, ka haɗa ta USB ka huta.

Malam: Injiniya, ban yarda ba. Da OSMC yake magana, wata babbar manhajar ta Kodi, da na saurara maka, domin shi Debian ne cikakke, wato wani nau'in Linux, ko'ina a cikinsa ana iya rubutu. LibreELEC ba haka aka gina shi ba. Idan ka ɗora shi, gida biyu yake raba katin. Na farko ƙarami ne, da fayil ɗin kernel da fayil ɗin SYSTEM a ciki, wato ita kanta manhajar, kuma SYSTEM ɗin a dunƙule yake da tsarin squashfs, karantawa kawai ake yi. Karatu kuma ba shi ke cinye kati ba. Gida na biyu, wato /storage, shi kaɗai ake rubutu a kai: saituna, fastocin finafinai, da rumbun bayanan Kodi. Tun zamanin OpenELEC tsarin yake haka, manhajar da aka ɓalle daga gare ta aka kafa LibreELEC a 2016.

Injiniya: Fastocin da rumbun bayanan ba rubutu ba ne, Malam?

Malam: Rubutu ne, amma mu yi lissafi. Kati mai gigabait 32, a ba shi mafi ƙanƙantar adadin sake rubutu, sau 1,000. Gigabait 32,000 ke nan. A ce ma Kodi yana rubuta gigabait ɗaya kullum, wanda mai kallon fim kawai da wuya ya kai, ya haura shekara tamanin.

Injiniya: Wannan lissafin takarda ne. Sai idan katin yana rarraba rubutun daidai wa daida a kan ƙwayoyinsa, kuma katunan araha ba su ƙware a nan ba. Sannan kati ba ya goge ɗan guntu. Ka gyara kilobait 4 a rumbun bayanai, yana iya kwashe babban yanki ya sake rubuta shi.

Malam: Na karɓi wannan. Raba lissafina gida goma. Saura shekara takwas da ɗoriya.

Hajiya: Ku yi haƙuri in sa baki. Ku duka kuna ta ƙirga ƙwayoyi, ni kuwa katunan da suka lalace a hannuna babu wanda tsufa ya kashe. Ɗaukewar wuta ce, ko yaro ya zare waya daga soket ana tsakiyar aiki. Idan wuta ta yanke daidai lokacin da katin ke gyara taswirarsa ta ciki, ana iya rasa har abin da ba a taɓa ba. Sai caja marar ƙarfi. Pi 4 yana son bolt 5.1 da amfiya 3, mutane kuma su ɗauko cajar tsohuwar waya su maƙala masa, gargaɗin ƙarancin wuta yana fitowa suna kau da kai. Daga baya a ce kati ne ba shi da kyau. Abin yana damuna, domin da yawa daga nan suke fid da rai da na'urar gaba ɗaya.

Yaya Babba: Hajiya ta taɓo inda ciwon yake. Ƙara da jabun kati. A jikinsa an rubuta gigabait 128, a ciki bai fi 8 ba, idan ya cika sai ya hau kan tsohon abu yana rubutawa ba tare da ya ce uffan ba. Araha ba ta ado. Kafin a ɗora komai a gwada shi da H2testw a Windows, ko F3 a Linux. Suna cika katin ne su sake karantawa, ƙarya ba ta ɓuya.

Injiniya: To ko da bai mutu ba, sauri fa? SSD ya yi wa kati fintinkau.

Yaya Babba: Ya yi, babu musu. Amma saurin me ake nema? Blu-ray mai 4K iyakarsa megabit 128 a daƙiƙa, wato megabait 16. Kuma finafinan ma bai kamata su zauna a katin ba, a faifan waje ake ajiye su ko a wata kwamfutar ta hanyar sadarwar gida. Inda ake jin nauyin kati shi ne wajen zagaya jerin finafinai, lokacin da ɗaruruwan ƙananan fastoci ke buɗewa. A nan alamar saurin Class 10 da ke jikin kati ba ta gaya maka komai, ita babban fayil take aunawa. Alamar A1 za ka duba: ta yi alkawarin ƙananan karatu 1,500 da rubutu 500 a daƙiƙa.

Auta: Ina da filashi na USB a ajiye. Bai fi katin ba?

Malam: A'a, Auta. Ƙwayoyin iri ɗaya ne, kuma filashin araha sau da yawa ya fi kati rauni wajen ƙananan rubutu, ga zafi. Shiga ramin USB bai mai da shi SSD ba.

Injiniya: Akwai inda ba zan janye ba. Duk mai naɗar shirye-shiryen talabijin da manhajar Tvheadend, ko mai kunna tsarin dakatar da tasha a ci gaba daga baya, ya nisanci kati. Tasha mai megabit 8 a daƙiƙa tana zuba gigabait 3.6 a awa. A bar ta dare da rana, gigabait 86 ne kullum. Da lissafinka na ɗazu, Malam, shekara guda da 'yan kwanaki katin ya ƙare.

Malam: A nan kam kai ke da gaskiya. Sai dai ko shi, wurin naɗin kawai zai mayar kan faifan waje, manhajar ta ci gaba da zama a kati.

Auta: Ni ba na naɗa, kallo kawai.

Hajiya: To ɗora a katinka, ɗana. Yi amfani da manhajar Raspberry Pi Imager ko balenaEtcher wajen ɗorawar, kuma ka duba sau biyu wane faifai ka zaɓa, domin duk abin da ke kansa zai tafi. Tashin farko zai faɗaɗa gida na biyu ya sake tashi da kansa, kada ka taɓa wutar. In ka gama saiti, shiga saitunan LibreELEC ka yi ajiyar kwafi, ka kwashe fayil ɗin zuwa wani wuri. Mutanen gida kuma a koya musu kashewa da rimot kafin a zare waya.

Injiniya: Cajar kuma ka turo mana abin da aka rubuta a bayanta kafin ka kunna.