Wa ya fi: manhajar waya ko likitan da ba ya jin Hausa?

Kawu Direba, Jidda: Assalamu alaikum jama'a. Ni dai ina nan a kan bakana. Ga dattijon da Larabcinsa bai wuce na kasuwa ba, gara ya tambayi ChatGPT da ya zauna gaban likita yana gyaɗa kai bai fahimci komai ba. Jiya na ɗauki hoton takardar maganin Inna, aka fassara min ita da Hausa layi-layi. Sai jiyan na san ƙwayar nan fara ta hawan jini ce.

Ɗalibin Madina: Wa alaikumus salam Kawu. Kana da hujja. A 2023 Med-PaLM 2, manhajar amsa tambayoyin lafiya ta kamfanin Google, ta amsa daidai sama da kashi 86 cikin ɗari na tambayoyi irin na jarrabawar likitocin Amurka.

Anti Nas, Makka: Ƙanena, jarrabawa a takarda daban, mara lafiya a kan gado daban. A azumin bara aka kawo mana wani baba da la'asar, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, hannunsa na rawa, bai gane ɗansa ba. Suga ya faɗi ƙasa warwas. Ashe ɗan ne ya tambayi wata manhaja yadda za a yi da allurar insulin ta masu ciwon suga a Ramadan, bai faɗa mata cewa ƙodar baban ta yi rauni ba, ita kuma ba ta tambaya ba. Da na karanta amsar a wayarsa, wallahi tsaf take, kamar babban likita ne ya rubuta. Abin da ke ba ni tsoro ke nan. Irin wannan manhaja kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya take hasashe daga tarin rubutun da aka ɗura mata, ba ta ganin idon da ya yi rawaya, ba ta taɓa ƙafar da ta kumbura. Ko ta yi kuskure, muryarta ba ta rawa. Ga shi rubutun Hausa a intanet kaɗan ne, don haka ta fi tuntuɓe a harshenmu.

Kawu Direba: Allah ya ba shi lafiya. Amma Anti, laifin yaron ne da ya rage bayani.

Anti Nas: To wa zai san abin da ya kamata ya faɗa, Kawu? Aikin likita ke nan, ya tono abin da ba ka san yana da muhimmanci ba. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a Janairun 2024, ta ja kunne kan amsoshin ƙarya da kuma sirrin marasa lafiya. Hoton da ka tura jiya ma, da sunan Inna da lambarta a jiki ko?

Kawu Direba: Subhanallahi. Da su. Ban yi wannan tunanin ba.

Hajiya Babba, Makka: Ku yi haƙuri 'ya'yana, kuna magana kamar kowa yana da iƙama, takardar izinin zama a Saudiyya. Mai iƙama ya buɗe Sehhaty, manhajar Ma'aikatar Lafiya, ya ɗauki lokacin ganin likita. Maƙwabciyata da ba ta da ita fa? Tsoron ƙofar mustashfa, wato asibiti, take yi, kuɗin asibitin kuɗi kuma babu. In na ce ta daina tambayar waya, wa za ta tambaya?

Anti Nas: Hajiya, maganarki ta taɓa ni, ba zan ce ta daina ba. Ta tambaya don ta gane sunan cuta, ta shirya abin da za ta faɗa, ta rufe sunanta kafin ta tura hoto. Amma ƙara magani ko rage shi, ta je saidaliyya, wato kantin magani, ta nuna wa mai magani, ko a kira mata 937, layin Ma'aikatar Lafiya. In mai azumi ya auna suga ya ga ƙasa da 70, ya karya nan take. Ciwon ƙirji ko karkacewar baki kuwa, 997 kawai, layin motar ɗaukar marasa lafiya.

Kawu Direba: Na sauka a kan maganar allura. A kan fassara kam ban sauka ba.

Hajiya Babba: Anti, gobe bayan Isha'i za ki iya leƙo maƙwabciyar tawa? Ƙafarta ce ta kwana uku a kumbure.