Neman kalma: me za mu kira "fatigue" na kwalta da kankare?

Mai Shirin Rediyo: Salamu alaikum. Gobe da ƙarfe 10 zan ɗauki shiri kan abin da ke kashe tituna, kalma guda ta tsaya mini a wuya: "fatigue". Kamar ka yi ta lanƙwasa waya gaba da baya ne, lanƙwasa ɗaya ba ta karya ta, amma can sai ka ga ta rabu biyu a hannunka. Haka tirela ke yi wa kwalta. Sai kuma "fatigue life", wato sau nawa za a taka kafin ta tsage. A taimaka.

Ɗan Maraɗi: Gajiya. Kalmar ma daga Faransanci Turawan Ingila suka aro ta, kuma gajiya kawai take nufi.

Malamar Hausa: Gajiyar kwalta, gajiyar kankare. Na biyun kuma ƙarko.

Injiniya: Ƙarko ya yi faɗi, Malama, ya haɗa da ɓarnar rana da ta ruwa. Mu taku muke ƙirgawa, ba shekaru ba. A gwajin da aka yi a jihar Ilinoi ta Amurka daga 1958 zuwa 1960, an gano in ka ninka nauyin da ke kan layin taya sau 2, ɓarnar takan ninku kusan sau 16. Shi ya sa tirelar siminti ɗaya ta fi dubban ƙananan motoci cin titi. Tsagar takan faro daga ƙasan kwaltar, kafin ta fito fili kamar fatar kada.

Baba Mai Nahawu: Gajiya ta mai rai ce. Wanda ya gaji in ya kwanta ya huta sai ya warware. Titi na kwanciya? Tun bara na ba ku "cin-yau-da-gobe", kuka yi biris. Yau da gobe ba ta bar komai ba, Bahaushe ya riga ya gama muku aikin.

Injiniya: Allah shi gafarta Malam, ai nan gajiya ta ci. Kwalta takan ɗan warware in ta samu hutu tsakanin taku, musamman da zafi, ƙananan tsagu su sake haɗewa. A ɗakin gwaji ana ganin haka.

Baba Mai Nahawu: To kankare fa? Ku dai komai Bature ya ce sai ku kwafo. Da ya ce titi na jin yunwa, da kun kai masa tuwo.

Ɗan Maraɗi: Baba, kwalta da kankare da siminti duk gadon kakanni ne ke nan? 😄

Baba Mai Nahawu: Waɗannan sun zama 'yan gida. Kai da kake kiran makaranta lakwal, kada ka koya mini Hausa.

Malamar Hausa: Don Allah a bar zancen iyaka, yarinya na da shiri gobe. Baba, direba ne zai ji ta a tasha. "Titin ya gaji" ya riga ya san ta, haka yake cewa da tsohuwar motarsa. Kalmarka ta fi daɗin kunne, amma yau da gobe kwanaki take ƙirgawa, Injiniya kuma ya ce taku ne.

Mai Shirin Rediyo: Na ɗauki gajiya. Na biyun zan ce "yawan takun da titi zai iya ɗauka", tunda ba a samu gajeriya ba.

Injiniya: "Wa'adin gajiya" fa?

Baba Mai Nahawu: Wa'adi ba laifi. Gajiyar ce dai ban yarda ba. In kin faɗe ta, ki ƙara da cewa akwai masu cewa cin-yau-da-gobe.

Ɗan Maraɗi: Masu cewa su nawa ne, Baba?