Tsofaffin kajina sun ƙi karɓar sababbi: yaushe zan haɗa su?

Maman Walida, Unguwar Rogo, Jos

Assalamu alaikum. Ina da kajin gida bakwai da zakara ɗaya da nake kiwo a bayan gida, suna kwana a akurki guda, da rana kuma suna yawo a tsakar gida. Ranar Asabar na sayo ƙananan kaji shida na Noiler (wani irin kaji na zamani), mai sayarwar ya ce makonsu bakwai, kuma da isowata gida na sake su cikin manyan, domin a zatona kaza ba ta ƙin 'yar'uwarta. Ko rabin sa'a ba a yi ba, babbar kazar, wata wake-wake da ta fi shekara uku a hannuna, ta ritsa ɗaya a bayan randa ta dinga saran ta a ka har jini ya fito, sauran kuma suka hana su kusantar kwanon dusa. Yanzu na mayar da ƙananan cikin keji a zaure saboda sanyin da ake yi. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a wannan harka: yaushe ya kamata in sake gwadawa, kuma ta wace hanya?

Mai Akurki, Bukuru

Wa alaikumus salam, Hajiya. Saran da kika gani bai fi damuna ba, domin kowane garken kaji yana da manya da ƙanana, kowacce ta san wadda za ta sara da wadda za ta kauce wa, kuma duk baƙuwar da ta shigo sai an nuna mata matsayinta. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne haɗa kajin da aka sayo a ranar da na gida, a cikin Disamba, lokacin da hunturu ya kankama, wanda shi ne lokacin da cutar Niyukasul ta fi yi wa kajin gida kisan kiyashi a ƙasar nan. Kaza tana iya ɗauke da ƙwayar cutar kwanaki kafin ta nuna alama, saboda haka kyawun idonta da kuzarinta a hannun mai sayarwa ba shaida ba ne.

Tun da kin riga kin raba su, ki bar su a rabe mako uku zuwa huɗu, da kwanon ci da na sha daban, kuma ki riƙa fara hidimar tsofaffin kafin ki je wurin sababbin, sannan ki wanke hannu. Ki duba kashinsu kowace safiya: idan kore ne mai ruwa-ruwa, tare da kasala, ko numfashi da baki buɗe, ko murɗewar wuya, to a nemi likitan dabbobi ba tare da jinkiri ba, idan kuma akwai jini a ciki, galibi cutar hanji ce ta koksidiyosis, wadda ta fi kama masu ƙarancin makonni irin naki. Mu mutanen Jos ba mu da uzuri a kan rigakafi, tun da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa tana nan Vom tun 1924, kuma tana sarrafa maganin rigakafin Niyukasul da na Gumboro. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kaji goma sha huɗu, kuma da zarar an dama ta ba ta jira, shi ya sa a layinmu muke haɗa kuɗi gida huɗu ko biyar, mu ba kajinmu rana ɗaya.

Bayan wannan sai gabatarwa. Ki keɓe wani sashe na wurin kiwon da ragar waya, ta yadda manyan za su riƙa ganin ƙananan suna jin kukansu, amma baki ba zai kai ba, ki bar su haka kamar mako guda ko kwana goma. Ina zuba hatsi a bakin ragar ta ɓangarorin biyu, su riƙa tsattsaga fuska da fuska, har ganin juna ya daina zama abin mamaki. Kin yi sa'a da irin da kika saya, domin Noiler tana saurin girma fiye da kazar gida, kuma kafin waɗannan makonni su cika za su kusa kamo manyan a jiki, abin da ke rage zaluncin sosai.

Baba na Rikkos

'Yata, maganar Malam Mai Akurki ta rigakafi gaskiya ce, ba ni da abin ƙarawa a kai. Amma batun raga ni ban taɓa yin sa ba, kuma na fi shekara talatin da kaji a gida. Abin da muka gada shi ne a jira bayan sallar isha'i, lokacin da kaji suka lafa ba sa gani sosai, sai a ɗauki baƙin a ajiye su a tsakaninsu, gari ya waye su fito tare. Sharaɗinsa ɗaya ne: a buɗe akurkin tun da asuba, kafin haske ya shiga, domin idan gari ya waye suna kulle a wuri mai ƙunci, ƙaramar ba ta da inda za ta gudu. Kuma kafin haka ki ɗaga fukafukansu ki duba ƙarƙashi da gindin wutsiya saboda ƙwarƙwata, ki zuba musu toka da yashi a wani lungu mai rana su yi birgima.

Mai Akurki, Bukuru

Allah ya ƙara girma, Baba. Dabarar dare tana aiki, ni ma da ita nake rufewa, sai dai bayan ragar, ba a madadinta ba. Kajin Baba suna da fili, wadda aka kora tana iya kewaya rumbu ta ɓace wa mai korar ta, alhali gidajen Unguwar Rogo da na sani tsakar gidansu ba ta da wannan yalwar. Saboda haka, Hajiya, ki jingina tsohon kwanon rufi ko katako a bango ya zama mafaka mai ƙofa biyu, ki kuma ajiye ci da sha a wurare biyu da ba sa kallon juna, domin kaza ɗaya ba za ta iya gadin duka ba. Idan wake-waken ta ci gaba da bin su da mugunta bayan kwana uku, ita za ki ɗauke ki kulle kwanaki kaɗan, ba ƙananan ba. Idan ta dawo, takan tarar da abin da ya dame ta.

Inna Mai Ƙwai, Farin Gada

Ni abinci zan taɓo, domin a nan na taɓa yin asara. Idan kina ba manyan abincin masu ƙwai na buhu, kada ƙananan su ci shi yanzu, saboda sinadarin kalsiyam da ke cikinsa ya ninka na abincin masu tasowa kusan sau uku ko fiye, kuma yana iya lalata musu ƙoda tun ba su fara ƙwai ba, wanda sai wajen mako goma sha takwas zuwa ashirin. Mafi sauƙi shi ne kowa ya ci na masu tasowa, sannan ki busar da ɓawon ƙwai, ki daka shi ya yi laushi, ki ajiye a wani gwangwani daban. Masu ƙwai za su nema da kansu.

Maman Walida, Unguwar Rogo, Jos

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi magana da maƙwabta biyu a kan rigakafin, kuma maigidan ya ce zai sayo ragar. Saura wadda aka ji wa rauni: jinin ya tsaya, amma na lura 'yan'uwanta ma sun fara kai baki wurin.

Baba na Rikkos

Ki fitar da ita yau ɗin nan, domin kaji idan suka ga ja ba sa bari sai sun huda. Ki wanke wurin da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, ki shafa shuɗin maganin nan na rauni da ake samu a kemis, wanda ke busar da ciwo ya kuma ɓoye jan. Ki ajiye ta a kwali kusa da kejin yadda za su riƙa jin juna, ki rufa masa buhu da dare saboda sanyi, kada ki mayar da ita sai ɓawon ciwon ya bushe gashi ya fara tsirowa.