Sulalla ko tauraro a Mario Party Superstars?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum 'yan uwa. Ni da ƙannena uku muna buga wannan wasa a na'urar wasan bidiyo ta Nintendo Switch duk daren Juma'a. A Hammer Drop, ƙaramin wasan da ake jefo sulalla, jakunkunan kuɗi da guduma daga sama, kullum suke cinye ni. Ina hango jakar kuɗi sai in ruga, guduma ta make ni in faɗo ƙasa. Jiya sulalla 4 na tsira da su, autarmu ta kwashi 17. Abin yana damuna sosai. Don Allah ina nake kuskure?

Mai Shayi: Wa'alaikumus salam. Garaje ne ke cutar ka, ɗan'uwa. Tsaya kusa da tsakiya, ka bari abin ya sauka ka ga ko mene ne kafin ka matsa. Jaka ɗaya sulalla 5 ce, amma idan ka faɗo an gama da kai a zagayen.

Yayar Gida: Ƙanena, irin wannan wasan ba a neman na ɗaya, abin da ka tsinta shi ne naka. Tauraro, wanda da shi ake cin babban wasan, sulalla 20 ne, da ka kai gun Toadette mai sayar da shi ka saya. Kada ka yi ta tarawa, Boo, fatalwar nan mai satar sulalla, zai yashe ka. Ni an taɓa yi min, har yau ban huce ba.

Ɗan Fagge: Na gode Yaya. Juma'a mai zuwa zan gwada tsayuwar tsakiya.