Abin da muka tattaro kan takubba a wasan tebur

Ga taƙaitaccen abin da ’yan teburinmu na Samaru suka faɗa kan yadda wasan da muke yi ke kasa takubba, da kuma ajin da ya dace da takobin Hausa.

1. Kowa ya yarda cewa Dungeons & Dragons (wasan tebur ne da kowane ɗan wasa ke taka rawar wani jarumi a cikin labari), bugun 2014, yana kasa takubba ne bisa ɓarnar da suke yi da yadda ake riƙe su, ba bisa tarihinsu ba. Ana auna ɓarnar ne da jefa dayis, wato abin jefawa mai lambobi irin na ludo: gajeren takobi dayis ɗaya mai fuska 6, dogo mai 8, ko 10 idan an kama da hannu biyu. Babban takobi kuwa dayis biyu masu fuska 6.

2. Sara daban, suka daban. Lanƙwasasshe na sara ne, siririn na suka.

3. Inda aka rabu shi ne takobinmu na Hausa, irin wanda mahaya ke ratayawa a Hawan Daushe. Miƙaƙƙe ne, kaifi biyu, bakinsa ba tsini sosai. Mafi yawa sun ce a lissafa shi da dogon takobi. Wasu suka ƙi, don ƙotarsa ta hannu ɗaya ce, ba ta ɗaukar riƙon hannu biyu. Ni ina tare da su: a bar masa 8, a cire 10.

4. An roƙi mai jan labari, wato mai jagorantar wasan, ya daina zana mana lanƙwasasshe yana kiransa namu.