Muhawara: Mai motar zango zai iya sauya murhu da teburin kicin da hannunsa?

Kafinta: Salamu alaikum. Ana ta cewa kicin ɗin motar zango, irin masu gado da wurin girki da ake yawo da su a Turai da Amurka, ba a taɓa shi sai gwani. Ban yarda ba. Duk mai iya riƙe zarto zai yi aikin daga farko har ƙarshe. A rufe tukunyar gas, a kunna murhu har wutar ta mutu don abin da ya rage a bututu ya ƙone, a cire fis ɗin kyastun murhu, sannan a kwance notin bututun gas a ɗaga murhun. Tsohon tebur a ɗora shi kan sabon falanki a zana gefensa. Ramin murhu kuma a bi awon da kamfanin sabon ya rubuta, ba na tsohon ba. A manna tef a kan layi don kada fomaika ta ɓantare, a huda kusurwa huɗu da diril mai milimita 10, a yanka daga rami zuwa rami. Kusurwa mai kaifi ita ke fara tsagewa in mota ta sha gargada, shi ya sa ake barin ta a lanƙwashe. A bar aƙalla milimita 50 tsakanin rami da bakin tebur.

Bakanike: Wa'alaikumus salam, Malam. Ka manta nauyi. Mutane na ɗauko dutsen kicin na gida su ɗora a mota. Murabba'in mita ɗaya na dutse mai kaurin milimita 30 ya kai kilo 80, filawud mara nauyi mai milimita 15 kuwa bai kai kilo 8 ba. A Turai lasisin ƙaramar mota iyakarsa tan 3.5, kuma yawancin motocin nan dama suna dab da iyakar. Sannan teburin da gam kaɗai ya riƙe, ranar da aka taka birki da ƙarfi zai taho kan direba. A ɗaure shi daga ƙasa da ƙarfen kusurwa da sukur. Bakin da aka yanka a shafe shi da banish sau biyu, in ba haka ba ruwa zai shiga ya kumbura katakon.

Mai haɗa gas: Aikin katakonka ba shi da makusa, Malam Kafinta. Inda muka rabu shi ne notin nan da ka ce a kwance kamar wasa. Motocin Turai na yanzu gas ɗinsu milibar 30 yake fita daga regileta, wato na'urar da ke daidaita ƙarfin gas; milibar shi ne awon ƙarfin. Tsofaffin na Jamus 50 ne, tsofaffin na Ingila 28 in gas ɗin butan ne, 37 in na furofen ne. Ka ɗora murhun 30 a kan layin 50, harshen wuta ya tashi daga kan murhu yana gurnani. Ka yi akasin haka, ruwan shayi ma sai an yi ta jira. Kuma murhun gida ba na mota ba ne. Na mota dole ya zo da ƙarfen nan mai jin zafi da ke datse gas in iska ta hure wutar.

Kafinta: Duk wannan ai karatun lamba ne a jikin murhu, Oga. Bututun milimita 8, a sa sabon zoben da noti ke matsewa a jikin bututu, a ɗaure da sifana biyu, ɗaya na riƙe ɗaya na juyawa. A shafa kumfar sabulu, in ba ta yi ƙwai ba an gama. A Ingila ma doka ba ta hana mai mota yin aikin gas ɗin motarsa ba, sai in haya yake ba da ita.

Mai haɗa gas: Kumfa tana nuna inda hannunka ya kai ne kawai. Lokacin ɗaga tsohon murhu ana jan bututu, mahaɗar da ke bayan kabad ta motsa, kai ba ka gani ba. Mu famfo muke sawa mu cika layin gaba ɗaya zuwa milibar 150, mu zuba wa allurar ma'auni ido. In ta sauka, akwai yoyo ko da hanci bai ji ba. Gas ɗin nan ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, a ɗakin da mutum ke barci da iyalinsa. Shi ya sa akwai rami a daɓen mota ƙarƙashin mahaɗa, wanda masu sabon kabad kan toshe ba su sani ba. A Jamus kuwa tun daga watan Yunin 2025 gwajin gas wajibi ne duk shekara biyu, kuma in an taɓa layin sai an sake shi.

Wani ɗan'uwa: To me zai hana a cire gas gaba ɗaya, a sa murhun lantarki mai maganaɗisu? Ba yoyo, ba hayaƙi, ba gumin tagogi.

Mai wayarin: Maganar gumi gaskiya ce, ɗan'uwa, kilo ɗaya na furofen in ya ƙone yana sakin ruwa fiye da kilo ɗaya da rabi. Amma ba ka tsere wa gwani ba, ka sauya shi ne kawai. Murhu mai wat 2000 ta inbata a batir mai bolt 12 yana jan amfiya kusan 180. Yawancin batiran litiyam masu 100Ah amfiya 100 suke iya bayarwa kafin su datse kansu, ke nan sai biyu, da waya mai kauri sosai, da fis dab da batir. Waya siririya ko kan wayar da bai ɗauru ba shi ke zafi har ya kama. A sansanin da motocin ke yada zango su jona wuta ma, wasu wuraren amfiya 6 suke ba mota, wat 1380 ke nan, murhun zai kashe layin.

Kafinta: Na karɓi gwajin allura. Amma har yanzu ina kan bakana: mai mota ya yanka, ya ɗora, ya ɗaure notinsa, gwani ya zo ya auna kawai.

Mai haɗa gas: In haka ne kada ya sa silikon a bakin murhu, kada ya rufe bayan kabad sai an auna. Noti mai zobe ba a naɗa masa tef, kuma tukunya ta zauna a rufe har ranar gwajin.